Sakkwato da Gwandu: Shin Mulkin Shugaba Biyu Ne?

Wani ɗalibi mai karatun kimiyyar siyasa a nan Sakkwato ya aiko mini da tambaya mai rassa biyu. Ya ce: “Allah shi gafarta Malam, an koya muna wani tsarin mulki da ake kira dayaki, inda mutum biyu ke riƙe da ƙasa guda. Shin rabon da Shehu ya yi tsakanin Sakkwato da Gwandu irinsa ne? Kuma tunda rigimar Nijeriya kullum a kan kujera ɗaya take, mi zai hana a yi shugaba biyu, guda daga Arewa guda daga Kudu, kowa shi huta?”

Ɗana, ka yi tambaya mai kyau. Amsata a kan ta farko ita ce a’a, sai dai akwai ’yan shekaru a tarihin daular nan da abin ya kusa zama haka, kuma su ne shekarun da suka fi kowanne haɗari. A kan ta biyu ma a’a zan ce, ga dalilaina.

Kalmar dayaki daga harshen Girka ta fito, ma’anarta mulkin mutum biyu. Sharaɗinta shi ne mutum biyun su kasance a kan kujerar ƙoli tare, darajarsu ɗaya, kuma kowannensu ya yarda cewa ɗan’uwansa halastaccen shugaba ne. Saboda haka shugaban ƙasa da mataimakinsa ba sa cikin wannan lissafi, tunda ɗaya na ƙarƙashin ɗaya. Haka abin da ya faru a Kano daga watan Mayun 2024, lokacin da sarki ɗaya ke Gidan Rumfa ɗaya ke gidan Nasarawa, shi ma ba ya ciki, domin kowane ɓangare cewa yake sarautar tasa ce shi kaɗai. Wannan jayayya ce a kan gadon sarauta guda.

Misalin da malamai suka fi kawowa shi ne Sifarta ta ƙasar Girka. Gidajen sarauta biyu ne a garin, kowane gida da sarkinsa, suna mulki a zamani ɗaya, aka yi ɗaruruwan shekaru a haka. Amma ka lura da abin da ke kewaye da su. Akwai majalisar dattawa 28 da sarakunan biyu ke zama a cikinta su cika 30. Akwai kuma wasu mutum 5 da jama’a ke zaɓa kowace shekara, waɗanda ke da ikon tuhumar sarki da cin sa tara. Duk da haka wajen shekara ta 506 kafin haihuwar Annabi Isa, sarakunan biyu suka fita yaƙi tare, suka saɓa a fagen daga, ɗaya ya juya gida, rundunar ta watse. Daga nan aka kafa doka cewa in za a fita yaƙi sarki ɗaya ne zai ja rundunar, ɗayan ya zauna gida. Wato ko su da suka fi kowa daɗewa a kan tsarin, da aka zo maganar takobi sai suka koma ga mutum ɗaya.

Rumawa kuwa tsoron sarauta ne ya kai su. Bayan sun kori sarkinsu na ƙarshe a 509 kafin haihuwar Annabi Isa, sai suka riƙa zaɓen shugabanni biyu da ake kira kwansul kowace shekara. Kowannensu na iya hawa kujerar na-ƙi a kan abin da ɗan’uwansa ya zartar, kuma a cikin birni wata-wata suke karɓar jagoranci. Manufar ita ce kada wani ya yi ƙarfin da zai naɗa wa kansa rawani. Ta yi aiki ta wannan fuska, amma sun biya farashi. A yaƙinsu da Hanibal, sarkin yaƙin ƙasar Kartaj, a shekara ta 216 kafin haihuwar Annabi Isa, kwansul biyun na tare da runduna guda, yau wannan ya ba da umarni gobe wancan. Marubutan wancan zamani sun ce ɗaya na son a jinkirta, ɗaya na son a gwabza, aka gwabza a ranar mai son gwabzawa, aka kashe musu dubun dubatar sojoji a yini guda. Rumawa sun san wannan rauni tun da farko, shi ya sa suka tanadi cewa in ƙasa ta shiga uku za a iya ɗora mutum ɗaya a kan komai, amma na wata 6 kacal.

A yau inda tsarin ya rage a cikakkiyar siffarsa ƙananan ƙasashe ne. Andora, da ke maƙale a cikin duwatsu tsakanin Faransa da Sifen, tana da yarima biyu tun yarjejeniyar 1278, a yau su ne bishop na Urjel da ke Sifen da shugaban Faransa. San Marino da ke cikin Italiya na naɗa shugabanni biyu duk wata 6, ranar 1 ga Afrilu da 1 ga Oktoba. A duka biyun aikin gwamnati na yau da kullum na hannun majalisa da ministoci, shugabannin biyu rawani ne kawai da sa hannu. Inda aka ba mutum biyu iko na gaske shi ne Ailan ta Arewa, wani yanki na Birtaniya, bayan sulhun 1998. Babban minista da mataimakinsa sunansu ne ya bambanta, ikonsu ɗaya, ba wanda ke zartar da abu sai da ɗayan, kuma in ɗaya ya ajiye aiki kujerar ɗayan ta faɗi. An daina zubar da jini, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma daga Janairun 2017 zuwa Janairun 2020 ba su da gwamnati, haka kuma daga Fabrairun 2022 zuwa Fabrairun 2024. Abin da ya hana su rushewa shi ne Landan na nan a sama tana biyan albashi tana riƙe da soja.

To, mu dawo gida.

Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya janye jikinsa daga harkar mulki ta yau da kullum, ya koma ga karantarwa da rubutu a Sifawa. A 1812 ya raba aikin. Yamma ya ba ƙaninsa Malam Abdullahi, gabas ya ba ɗansa Muhammadu Bello, wasu manya irin su Sarkin Yaƙi Aliyu Jedo aka ba su yankuna su ma. Daga baya abin ya daidaita a kan cewa Kano, Katsina, Zazzau, Daura, Bauchi, Katagum, Haɗeja, Gwambe da Adamawa na bin Sakkwato, su kuma Nupe, Ilori, Yawuri da ƙasashen yamma har zuwa Liptako a Burkina Faso ta yau na bin Gwandu. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, a 1812 wane ne Amirul Muminina? Shehu ne, shi kaɗai, shi aka yi wa mubaya’a tun 1804 a Gudu. Abdullahi da Bello wakilansa ne. Ƙasa ce ta yi faɗi, doki ne motar zamanin, mutum ɗaya ba zai iya sauraren ƙarar Adamawa da ta Liptako a lokaci guda ba. Aiki aka raba, imamanci na nan guda.

Matsala ta taso ne a watan Afrilun 1817 da Allah ya yi wa Shehu rasuwa. Malam Abdullahi ƙanin Shehu ne, wazirinsa ne, shi ya ja daga a Tafkin Kwatto, kuma a fagen ilimi ba wanda ke haɗa kansa da shi in ba Shehu ba. Ba abin mamaki ba ne in ya ɗauka shi ne magaji. Ruwayar da ta shahara ita ce ya taso ya nufo Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa, jama’a sun riga sun yi wa Bello mubaya’a. Ya juya ya koma. Daga nan har zuwa wajen 1821 tsakanin baffa da ɗa ba daɗi. In kana neman lokacin da daular nan ta kasance da kai biyu, to waɗannan shekaru ne. Kuma ka ga abin da ya biyo baya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tawaye ya ɓarke ta ko’ina. Abdussalami, wanda almajirin Shehu ne tun farkon jihadi, ya yi bore a Kware, Bello ya yi fama da shi. Ragowar mutanensa suka tattaru a Kalambaina ta wajen Gwandu, suka gagari Malam Abdullahi.

Labarin abin da ya faru a nan tun ina yaro na ji shi a zauren kakana, kafin in gan shi a rubuce. Yakan ajiye carbinsa a kan buzu in ya zo wurin. Bello ya ji baffansa na cikin matsi, ya haɗa runduna ya tafi, aka ci garin. Bayan ƙura ta lafa sai ga su sun fuskanci juna, Bello a kan ingarman yaƙi, Abdullahi a kan goɗiya irin ta malamai. Bello ya zare ƙafa daga likkafa zai sauka ya gai da baffansa. Abdullahi ya ɗaga hannu ya hana shi, shi ya sunkuya ya gaishe shi da sunan Amirul Muminina. Kakana kan ce: “Ka gani, kowa ya so shi riga ɗan’uwanai ƙasa.” Bayan wannan ne Malam Abdullahi ya sakar wa Giɗaɗo ɗan Laima wazircin, gidan da har yau Wazirin Sakkwato ke fitowa daga cikinsa. Bello kuma ya bar wa baffansa da zuriyarsa yamma ba tare da katsalandan ba.

Abin da aka zauna a kai daga nan har zuwan Turawa a 1903 shi ne Sarkin Musulmi ɗaya, cibiyar gudanarwa biyu. Gwandu na naɗa sarakunan da ke ƙarƙashinta, tana karɓar gaisuwarsu da harajinsu, tana raba musu gardamar gado, ba sai ta jira Sakkwato ba. Wannan iko ne babba, shi ya sa wasu marubutan Turawa suka riƙa cewa daula biyu ce. Amma Sarkin Gwandu bai zo ya zauna a kan shimfiɗar Sarkin Musulmi sun yanke hukunci tare ba, kuma ba shi da kujerar na-ƙi a kan abin da aka zartar game da Kano ko Bauchi. A dayaki na gaskiya mutum biyu ne a kan abu ɗaya. A nan kowa da gonarsa, kuma an san babba. Ni a wurina ya fi kama da abin da yau za a kira tarayya mai ɓangare biyu.

Kuma ba zai yiwu malaman jihadi su kafa imami biyu da gangan ba, domin sun san fiƙihun abin sarai. Tun ranar Saƙifa, da sahabbai suka taru don zaɓen halifa bayan wafatin Annabi, aka yi wannan muhawara. Wani daga cikin Ansar ya ce a yi shugaba daga cikinmu, shugaba daga cikinku. Sayyidina Abubakar ya ce mu ne shugabanni ku ne wazirai, kuma an ruwaito Sayyidina Umar ya ce takobi biyu ba sa shiga kube ɗaya. Jumhurun malamai sun tafi a kan haramcin imami biyu a zamani ɗaya. Waɗanda suka yi rangwame sun yi ne ga ƙasashen da suka yi nisa ƙwarai da juna, kamar Andalus da Bagadaza. Tsakanin Sakkwato da Gwandu kuwa ba irin wannan nisa ba ne. Abin da fiƙihu ya buɗe ƙofarsa shi ne waziri ko amiri da imami ya damƙa wa cikakken ikon zartarwa a wani yanki, kuma a wannan gurbi Gwandu ta zauna. Bahaushe ma ya faɗa a taƙaice, ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Malaminku zai kuma kawo muku ma’ana ta biyu ta kalmar, wadda ta fi shafar Nijeriya. Ita ce a raba ma’aikatun gwamnati tsakanin masu iko iri biyu. Ingila ta gwada wannan a lardunan Indiya da dokar 1919, ya yi aiki daga 1921 zuwa 1937. Ilimi, lafiya, noma da ƙananan hukumomi aka ba ministoci ’yan ƙasa da aka zaɓa. ’Yan sanda, shari’a, harajin ƙasa da baitulmali suka zauna a hannun gwamna Bature da majalisarsa. Wani minista a Madras ya koka cewa shi ne ministan gona amma ban-ruwa ba ya hannunsa. An ba mutum tukunya an riƙe murfi da ludayi.

Wannan ma’anar ce Dakta Nnamdi Azikiwe ya ɗauko a 1972, da ya ba da shawarar a yi gwamnatin haɗin gwiwa tsakanin soja da farar hula na wani lokaci, tunda soja sun ɗanɗana mulki kuma ba alamar za su haƙura da shi. An yi masa ca a lokacin. Shekara 20 bayan haka sai muka ga abin da idonmu. A Janairun 1992 aka rantsar da gwamnonin farar hula, a nan Sakkwato Malam Yahaya Abdulkarim na jam’iyyar NRC. A Disamba aka buɗe Majalisar Tarayya, a Janairun 1993 aka kafa majalisar riƙon ƙwarya a ƙarƙashin Cif Ernest Shonekan. Duk wannan kuwa Janar Babangida na sama da majalisarsa ta tsaro, kuma dokar soja ta hana ’yan majalisa taɓa manyan batutuwa. Da aka soke zaɓen 12 ga Yuni, aka ga wanda ke da ta cewa. A Nuwamban 1993 Janar Abacha ya share gwamnoni da majalisu duka da jawabi ɗaya a rediyo. In ɗaya na riƙe da bindiga ɗaya na riƙe da biro, ba a raba komai ba.

Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana tasu. A Nijar, bayan zaɓen majalisa na Janairun 1995, ’yan adawa suka samu rinjaye, dole Shugaba Mahamane Ousmane ya zauna da Hama Amadou a matsayin firaminista. Tsarin mulkinsu irin na Faransa ne, ya ba kowannensu wani yanki na iko bai fayyace iyaka ba. Aka yi ta ja-in-ja a kan wa ke naɗa manyan ma’aikata, wa ke kiran taron ministoci, wa ke tsara abin da za a tattauna. Na tuna a shekarar duk wanda ya shigo daga Ƙonni ta Illela labarin ke nan a bakinsa, gwamnati ta tsaya cik. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kwashe su duka biyun. Sudan kuwa ciwonta bai warke ba har yanzu: an raba iko tsakanin soja da farar hula a 2019, soja suka ture farar hula a Oktoban 2021, sannan janar biyun da suka rage, kowa da rundunarsa, suka juya wa juna bindiga a 15 ga Afrilun 2023.

Mu kanmu mun taɓa leƙa bakin wannan rami. Bayan zaɓen 30 ga Disamban 1964, Azikiwe yana shugaban ƙasa ya ƙi kiran Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Aka yi kwanaki ƙasa ba ta san wanda soja da ’yan sanda za su yi wa biyayya ba, har masana shari’a suka ce umarni na firaminista ne, aka sasanta a 4 ga Janairun 1965. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu rubuta tsarin mulkin 1979 suka haɗa ikon a hannun mutum ɗaya, kujerar da Alhaji Shehu Shagari ya fara hawa. Don kada ɓangare ɗaya ya mamaye ta, sai suka sa sharaɗin samun kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri’u a kashi biyu cikin uku na jihohi, da kuma dokar raba muƙamai tsakanin sassan ƙasa.

Na fahimci abin da ya sa shawarar shugaba biyu ke burge ka. Kana ganin yadda duk shekara 4 ƙasa ke ɗaukar zafi kamar za ta tsage, kana neman hanyar da ba wanda zai ji an bar shi a rana. Niyyar mai kyau ce, kuma ni ma abin na damuna. Amma bari in ba ka abin da na gani a ƙaramin wuri. An taɓa kirana sulhu a wata makarantar Islamiyya a cikin garin nan. Mai makarantar ya rasu, iyali da iyayen yara suka ga kada a ɓata wa kowa, aka ce babban ɗansa da babban almajirinsa su riƙe ta tare, ba a fitar da ko kwabo sai da sa hannun su biyun. Dukansu mutanen kirki ne, ban ga mai cin amana a cikinsu ba. Sai suka saɓa a kan ɗaukar wani malami. Wannan ya ƙi sa hannu a takardar albashi sai an sallame shi, wancan ya ƙi sai an tabbatar da shi. Ranar da na je, na tarar da ƙwado biyu a ƙofar ofis, kowa ya sa nasa. Malamai na zaune a kan benci a gindin dogon yaro, wata na uku ba albashi, yara na ta tsalle a tsakar gida ba mai ce musu kanzil. Wata malama ta ce mini: “Baba, mu ba mu san wanda za mu kai ma kuka ba.” Abin da muka yi a ƙarshe shi ne aka ba almajirin karatu da ɗaukar malamai, aka ba ɗan kuɗi da gini, aka kafa kwamitin dattawa 5 da in an saɓa maganarsu ce ta ƙarshe. A ranar aka cire ƙwado ɗaya.

Yanzu ka ɗora wannan a kan ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. ’Yan bindiga sun tare hanyar Isa ko Sabon Birni da tsakar dare, hafsan soja na jiran umarni, shugaba ɗaya ya ce a shiga, ɗaya ya ce a dakata. Wa zai bi? Wa ke naɗa gwamnan babban banki? In kasafin kuɗi ya maƙale tsakaninsu, wa ke sama da su da zai raba? Ailan ta Arewa na da Landan, Bello da Abdullahi na da Shehu yana raye, bayan ransa kuma suna da karatu ɗaya da jini ɗaya da kunyar juna. Shugabanninmu biyu ba za su sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da na fi tsoro ma shi ne kowannensu zai zama shugaban ɓangarensa, soja da ma’aikata su fara duban wane ne namu, a wayi gari an shata iyakar da ake gudun shatawa. Kuma Nijeriya ba gida biyu ba ce. Mutumin Binuwai, da na Neja Dalta, da na Barno, kowa zai tambayi ina nasa.

In darasi kake nema daga Sakkwato da Gwandu, yana wajen rage wa cibiya kaya. Abin da ya sa kujerar Abuja ta zama abin a mutu ko a yi rai shi ne kusan komai a can yake: kuɗin mai, ’yan sanda, manyan naɗe-naɗe. Sarkin Musulmi bai ce sai ya naɗa Sarkin Ilori da hannunsa ba, kuma wannan bai rage masa daraja ba.

Game da aikin da za ka rubuta, ka raba tarihin gida uku: 1812 zuwa 1817, sannan 1817 zuwa sulhun Kalambaina, sannan daga nan zuwa 1903. A kowanne ka tambayi wa aka yi wa mubaya’a, wa ke naɗawa da tuɓewa, ina haraji ke zuwa, wa ke kiran yaƙi. Ka kuma je Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, ka roƙi a nuna maka tsofaffin wasiƙun sarakuna. Ka tafi da wanda ya iya karanta rubutun Larabci na da, ku duba yadda kowace wasiƙa ta buɗe, sunan wa aka fara ambata, da irin laƙabin da aka kira shi da shi.